Ranar da na kai yara Gidan Makama cikin zafin Afrilu

Tun da aka yi hutu yaran nan suka sa ni gaba wai sai na kai su gidan kimiyya irin wanda suke kallo a wayar Ummansu, mai taurari da injina, na ce to mu fara da na gida tukunna, Gidan Makama, gidan tarihin nan da ke daura da gidan Sarkin Kano. Su uku ne, babban shekara 8, mai bi masa 5, sai auta da ba ta cika uku ba.

Kuskuren farko nawa ne, ba mu bar gida ba sai wajen sha ɗaya, kuma kun san Kano a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40, iskar da ke shigowa adaidaita kamar daga bakin murhu take fitowa, ga gosulo ta tare mu wajen Ƙofar Nasarawa. Gorar ruwa ɗaya na riƙo wa mutum huɗu, kafin mu sauka ta ƙare.

Muna shiga zaure sai wani sanyi ya tarbe mu. Babban ya ɗaga kai yana dube-dube ya ce "Abba ina esin yake?" Na ce babu, zo ka dafa bango. Ya dafa tafin hannu ya yi shiru, ƙanwarsa ma ta manna kumatunta a jiki ta ƙi ɗagowa. Wallahi a nan na ga kimiyyar da suka zo nema. Na ce musu ginin ƙasa ne mai kauri, rana tana dukansa a waje amma zafin a hankali yake ratsa ƙasar, kafin ya iso ciki dare ya yi, cikin dare kuma bangon ya huce. Sama ga azara ta giginya an dabe ta da ƙasa, ba irin kwanon gidanmu ba da yake ɗaukar zafi nan take ya sauke mana a ka. Shi gidan tun ƙarni na 15 yake, an gina shi ne wa Muhammadu Rumfa kafin ya zama Sarki a 1463, amma shekarun ba su dame su ba, bangon ne ya tafi da su.

Tsofaffin ƙyamaren ƙofofin ganuwa sun tsayar da babban sosai, yana ta tambayar mutum nawa ke iya tura ɗaya. Hotunan zuwan Turawa a 1903 kam wucewa kawai suka yi, ni ma ban matsa musu ba, abin da yaro ba zai taɓa ba ko ya ga girmansa a gabansa bai cika zama masa ba.

Ba mu kai awa ɗaya ba na lura auta ta daina surutu, ta kwantar da kai a kafaɗata leɓenta a bushe, gabana ya faɗi gaskiya, don shirun yaro cikin zafi ya fi kukansa ban tsoro. Na fito da gudu na sayo fiya wata mai sanyi, na dinga ba ta kaɗan-kaɗan, na jiƙa hankici ina goga mata a wuya da goshi har ta dawo tana neman sauka ƙasa. Sauran ɗakunan ba mu gani ba, kuma ban ji haushi ba. In za mu koma ƙarfe tara muna can insha Allah, da ruwa mai ƙanƙara gora biyu ko uku, kaya marasa nauyi, kuma auta ta zauna wajen kakarta.

Da yamma muka biya gidan Hajiya, babban ya tafi kai tsaye wajen randarta ya shafa gefen ya ce "Abba ita ma gumi take yi." Na ce eh, ruwan yana tsatsowa ta jikin yumɓun, iska ta busar da shi ta tafi da zafin, kamar yadda gumi ke sanyaya jikinka. Ya ɗebo moɗa ɗaya a randa, ɗaya a bokitin roba, yana ta bai wa ƙanwarsa ta kurɓa ta faɗi wanne ya fi sanyi.