Kwamfuta ta ce ba ta ga faifai ba, alhali yana nan lafiya

Tsohuwar HP ce ta hannu, da ita nake buga wa mutane takardu. Ta yi watanni a ajiye ba caji, da na kunna ta sai baƙin allo da saƙon cewa ba ta sami faifan da za ta tashi da shi ba, ga lamba 3F0 a ƙasa. Maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam, a yi mata fomatin kawai a huta." Ni kuwa aikin mutane ne fal a ciki.

Na fara da cire filashi da duk abin da ke maƙale a jikinta. Shiru. Sai na sake kunnawa ina danna F2, inda HP ke ajiye gwajin kayan cikinta, na gwada faifan ajiyar. Ya ci jarrabawa. Wannan gwaji shi ne ya raba gardama: in na'ura tana ganin faifan, hanyar isa gare shi ce ta rikice, in kuwa ba ta ganinsa, to sai a kwance a duba ko ya zame daga mazauninsa, ko ya mutu.

Da na shiga BIOS, wato shafin saitunan tashin na'urar, ta F10, kwanan watan ne ya tona asiri, ya koma shekaru baya. Akwai ɗan batiri kamar kwabo a kan allon ciki, yawanci CR2032 mai bolt 3, shi ke riƙe da agogo da saituna in babu wuta. Nawa ya ƙare, saitunan suka koma yadda suka fito daga kamfani, wato sabon tsarin tashi mai suna UEFI. Windows ɗina kuwa a tsohon tsari aka sa shi, na Legacy, kan faifai mai tsohon salon rabo na MBR, shi kuma UEFI zalla sabon salon, GPT, yake nema. Ga faifai a gabanta, amma ba su jin yaren juna.

Na kashe Secure Boot, wato tsaron UEFI da ke hana Legacy aiki, na kunna Legacy, na sa faifan a sahun farko na abin da za ta tashi da shi, na adana. Ta tashi, ko fayil ɗaya bai yi ciwon kai ba.

A daren na kwashe komai zuwa wani faifan. Batirin kuma na kai wa mai gyara ya canja, don na laftof kan zo a naɗe da 'yar waya, ba a cusa masa na agogo haka kawai.