Daga Bronx zuwa gida: yadda aka tara X-Men daga ƙasa-ƙasa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kowa lafiya, ya iyali ya ƙoƙari. Mu nan New York sanyi ya fara shigowa, sai godiya.

Na san da yawanku kun san X-Men ta fim, musamman waɗanda aka yi wa fassarar Hausa ake turawa a waya, ba wanda bai san Wolverine mai farata ba da matar nan mai farin gashi da ke kiran hadari. To ai tun kafin fim labarin ya daɗe a littattafan zane na kamfanin Marvel, wato komik, ni kuma tarihin yadda ƙungiyar ta zama ta 'yan ƙasashe daban-daban nake so in ba ku, don akwai abin da ya tsaya min a rai.

A 1963 Stan Lee da Jack Kirby suka ƙirƙiro su, matasa biyar da aka haifa da baiwa, dukansu fararen Amurka, malaminsu Farfesa Xavier yana kan keken guragu. Littafin bai yi kasuwa ba, a 1970 aka tsaya a lamba 66 aka koma maimaita tsofaffin labarai. Sai shugaban kamfanin na lokacin Al Landau, wanda dama sana'arsa sayar da haƙƙin buga littattafai a ƙetare, ya ce a haɗa ƙungiyar jarumai daga ƙasashe da yawa ko 'yan can sa saya. Kun ga tun tushe lissafin kasuwa ne.

Haka Giant-Size X-Men lamba 1 ya fito a 1975, Len Wein ya rubuta Dave Cockrum ya zana. Na asalin yanzu sai dai ka hango shi a shagon komik cikin roba a manne a bango sama da kan mai shago, kuɗinsa ya kai dubban daloli, ni wanda aka sake bugawa na aro a laburaren unguwarmu. Labarin shi ne tsofaffin X-Men sun maƙale a wani tsibiri Krakoa wanda ashe shi kansa tsibirin mai rai ne, sai Xavier ya bi duniya yana ɗauko sababbi, Nightcrawler a Jamus mutanen gari sun biyo shi za su kashe shi don kamanninsa, Colossus ɗan Rasha a gonar gandu a Sibiriya ya tare tarakta da jikinsa don ceton ƙanwarsa, Wolverine daga Kanada, Banshee ɗan Ailan, Sunfire ɗan Japan, Thunderbird ɗan ƙabilar Apache ta 'yan asalin Amurka, sai Storm, wato matar nan mai farin gashi, daga Kenya. Ku tuna fa ana tsakiyar yaƙin cacar baka, a ce an ba yaran Amurka ɗan Rasha a matsayin jarumi mai kirki, wannan kam na yaba musu.

Amma wallahi shafukan Storm sun ɓata min rai. An zana ta tsaye a gaban wani wajen bauta na dutse, kusan ba sutura, mutane sun taru suna roƙonta ruwa sun ɗauke ta abin bauta, ba sunan gari ba yare ba komai, kawai an ce Kenya ce a Afirka an gama magana. Sannan baƙo ya zo daga Amurka ya faɗa mata ita wace ce. Shi ma Thunderbird bai ji daɗinsu ba, fitowa biyu kacal bayan nan, a lamba 95 ta ainihin littafin X-Men da ya koma kawo sabbin labarai daga lamba 94, aka kashe shi a kan jirgin sama, wato ɗan asalin ƙasar shi aka fara sadaukarwa. Sunfire dama tun lamba 94 ya yi fushi ya koma gida.

Wanda ya gyara lamarin Chris Claremont ne, ya karɓi rubutun a 1975 bai sake shi ba sai 1991, shekara 16 mutum ɗaya yana bin mutanen nan fitowa bayan fitowa, shi ya sa suka tashi daga tutar ƙasa suka zama mutane masu hali. A lamba 102 ya ba Storm tarihi, sunanta Ororo Munroe, babanta baƙar fata ne ɗan Amurka mai ɗaukar hoton jarida, mamarta 'yar sarauta daga Kenya, a Harlem aka haife ta nan kusa da mu ƙetaren kogi, suka koma Alƙahira tana jaririya, jirgin yaƙi ya faɗo kan gidansu lokacin rikicin Suwez iyayen suka rasu ita kuma ta maƙale ƙarƙashin ɓaraguzai kusa da gawar mahaifiyarta, daga nan take tsoron duk wani matsattsen wuri har girmanta, ta taso marainiya tana yankan aljihu a titunan Alƙahira kafin ta gangara kudu da ƙafa. Wannan yarinyar na yarda da ita, na tausaya mata. A 1980 ta zama shugabar ƙungiyar, a 1986 kuma lamba 201, lokacin ma an raba ta da baiwarta, ta kara da Cyclops, tsohon jagoran ƙungiyar, kan shugabanci ta kayar da shi da dabara kawai. Baƙar mace tana jagorantar littafin da ya fi kowanne kasuwa a Marvel, a shekarun 1980, ba ƙaramin abu ba ne. Sabon X-Men lamba 1 na 1991 da Jim Lee ya zana ya haura kofi miliyan 8.

Daga baya sun ci gaba da faɗaɗawa, a 2002 aka kawo Sooraya Qadir 'yar Afganistan mai niƙabi, ana ce mata Dust. A 2010 kuma sai ga 'yar Najeriya, Idie Okonkwo, mai sarrafa wuta da ƙanƙara, na yi murna da na ga sunan, amma da na karanta sai jikina ya yi sanyi, don a labarin mutanen garinsu mayya suka ɗauke ta suka taso za su hallaka ta, sai da aka zo daga Amurka aka cece ta. Shekara 35 tsakani amma hoton bai gusa sosai ba, ko dai mu durƙusa wa mai baiwa ko mu bi ta da wuta, ba malamin makaranta ba likita ba uwa mai hankali da za ta ce ku tsaya 'yata ce. Ban ce ba a jifan mutane da maita a wajenmu ba, ana yi kuma zalunci ne, amma ba shi kenan mu ba.

A Legas akwai Comic Republic da suka fara tun 2013 suna zana nasu jaruman. Ni dai abin da nake marmarin gani na Hausa ne, yarana a nan suna tambayata jarumin garinmu. In akwai masu zane a Kano ko Damagaram ko Kumasi da suka fara irin wannan aiki, don Allah ku sanar da ni, zan saya in kuma nuna wa mutanenmu na nan.

A gaida kowa da kowa, a sa mu a addu'a.

Ɗan uwanku a Bronx