'Yar jakar kwalliyar da na ɗinka da ragowar atamfa

Assalamu alaikum 'yan uwa, kwana biyu ban leƙo ba, hidima ce ta sha kaina. Tunda na ɗora hoton wata 'yar jaka mai zif a WhatsApp mutane ke ta tambayata ina na saye ta, to ba saye nayi ba, ni na ɗinka abata a keken Innarmu, kuma yau nace bari in zauna in faɗi yadda anka yi.

Abin da ya jawo ɗinkin ba mai daɗi bane. Cikin watan Afrilu munka tashi daga Birnin Kebbi za mu Yauri bukin ɗiyar Gwaggona, kun dai san zafin Kabi in ya kankama har digiri 40 yake wucewa, ga mota cike maƙil ga akwatina can cikin but rana na dukan shi tun daga Kalgo har Jega har Koko. Leshin anko na ninke a sama, kayan kwalliya kuma na ƙulle su cikin baƙar leda na cusa a gefe, humra da jan baki da hoda da basilin da kwalli duk wuri ɗaya. Muna isa na buɗe akwatin nan ƙamshi ya buge ni, nan take gabana ya faɗi. Murfin humra ya saki, jan baki ya narke ya bi ta, leda ta huje, tabon ya zauna daram a ƙirjin rigar. Wallahi sai da nayi hawaye, don wata huɗu ina zubin adashe kafin na haɗa kuɗin leshin nan.

Da na dawo gida na nuna ma Inna, ta juya rigar ta sake juyawa tace “ke ɗiyar nan, mi kinka aje keke shina yi? Mu da can kwalli tandu garai, turare ma da nashi mazubi, ba mu haɗa mai da tuhwahi.” Ta tashi ta jawo buhun ƙyallayen da take tarawa ta aje gabana. Turmin atamfa yadi 6 ne, kuma da wuya a ɗinka riga da zane da ɗankwali ba a samu ragowa ba, sai dai mu ne bamu tambaya in mun je karɓar ɗinki wurin tela. Ni yanzu ko tafin hannu ne ya rage sai nace a sako min cikin leda.

Atamfar da na zaɓa sai da na wanke ta tukuna na goge. Dalili biyu ne, auduga tana ɗan tsukewa in ta sha ruwan farko, sannan sitacin da ke jikin sabuwar atamfa yana hana gam, wato yadin nan mai mannewa da teloli ke sawa don kaya su yi ƙarfi, kamawa da kyau. Na yanka falle biyu, inci 10 a tsawo inci 7 a tsaye, na manna ma kowane gam a bayanshi da dutsen guga don jakar ta samu jiki ta riƙa tsayawa da kanta. Sai shafi shima falle biyu daidai wannan awon.

To a nan shafin ne nake so ku tsaya ku saurare ni da kyau, don shi ne jakar gaba ɗaya. In kinka sa shafin yadi na kullum, ranar da mai ya zube zai ratsa ya fito waje, kin ga an koma gidan jiya. Ni tsohuwar lemar ruwa ce da ƙarafunta sunka karye na warware yadinta na wanke, ruwa baya ratsa shi kuma yana da laushi, keke na cin shi ba gardama. Ta biyun da nayi kuma da farar ledar nan mai kauri da ake shimfiɗawa kan tebur na gwada, ita tafi tare mai amma tafi wahalar ɗinki, tana mannewa ƙarƙashin ƙafar keke taƙi tafiya. Dabarar da Inna ta nuna min, ki ɗora fallen takarda a kanta ki ɗinka tare, in kin gama ki yage takardar. Kada ki soka mata fil don duk hujin da kinka yi ya zauna kenan, da abin maƙale shanya nake kama ta, kuma ki buɗe taƙin ɗinkin ya yi tsawo, in ya yi ƙanana kusa da kusa leda yagewa take a kan layin kamar takardar rasit. Dutsen guga kuwa ko kusa kada ya taɓa ta.

Sai zif. Don Allah in kin je kasuwa kice a baki lamba 5 na roba, ba siririn lamba 3 da ake sa ma riga ba. Lambar faɗin haƙoran ce take nunawa, kusan milimita 5 kenan, kuma jakar da za a buɗe a rufe sau nawa a rana tana son mai ƙwari. Na ƙarfe yana da kyau a ido amma allura bata hawa kanshi, karyewa take, na roba kuwa a hankali za ki bi ta kai ki wuce. In kin samu zif na kamfanin YKK na asali ki riƙe shi. Ni nakan sayi wanda ya fi bakin jakar tsawo, inci 12 ko 14, saboda kan zif ɗin ya koma can gefe ya bar min hanya, daga baya in datse rarar.

Haɗawar ba wuya in kin gane jerin. Ki shimfiɗa atamfa fuskarta na kallon sama, ki kifa zif a bakinta, ki kifa shafi a kansu, zif na tsakiya kenan, ki ɗinka da siririyar ƙafar nan ta sa zif. Ki juye su ki danne da yatsa ki sake bin bakin da ɗinki ta sama, wanga ɗinki na biyu shi ke hana zif cin shafi, kada ki tsallake shi. Ɗaya gefen ma haka.

Kafin ki zagaye jakar da ɗinki, ki zuge zif ya wuce rabi a buɗe. Na nanata, ki buɗe shi! Ta farkon da nayi a rufe na bar shi, na gama zagayewa tsaf na zo juyawa babu ƙofa, sai da na zauna da reza ina farke ɗinki ana kiran Magariba. In kin buɗe sai ki haɗa atamfa da atamfa, shafi da shafi, fuska na kallon fuska, haƙoran zif ki tura su wajen shafi, ki zagaye da rabin inci amma ki bar kamar inci 4 a gindin shafin ba ɗinki. Kusurwa huɗun nan kowace ki yanke murabba'in inci ɗaya da rabi, ki buɗe ki haɗa bakin ki ɗinke, shi ke ba jakar gindi ta zauna daram har kwalbar turare ta tsaya a ciki. Daga nan ki zaro komai ta 'yar kafar da kinka bari, ki ɗinke ta, ki tura shafi ciki. Allura lamba 16 na sa don wajen zif ɗin yana yin kauri, kuma a wurin da hannu nake juya keken ba da ƙafa ba.

Lokacin da na juyo ta ta fito sumul, Inna ta karɓa ta zuge ta rufe har sau uku tana saurare, sannan tace “to yanzu kin yi ɗunki.” Ita ce ma ta ce in ƙurar hunturu ta sa zif ya fara cijewa in goga mai kyandir a haƙora.

Yanzu guda biyu gare ni kuma bana haɗa su. Ɗaya ta busassun kaya, hoda, jagira, kwalli, madubi, mataji da kibiya. Ɗayar mai shafin leda ta masu zuba ce, humra, man shafawa, makilin da buroshi, sabulu cikin 'yar robarshi. Satin da ya wuce naje Argungu kwana biyu, man gashi ya ɗan tsiyaya a ciki, tsumma kawai na jiƙa na goge, ko ɗigo bai taɓa kayana ba.

Ƙanwata da ke makarantar kwana ta riga ta kawo nata ƙyallen, tana son babba wadda soso da sabulu da omo za su shiga. Na yanka mata inci 13 da inci 9, zan kuma sa mata 'yar maratayi a gefe don ta rataya a ƙusa in ta shiga wanka. Zif mai ruwan ɗorawa lamba 5 nake nema, naje babbar kasuwa jiya ban samu kalar ba, mai shagon yace in dawo ranar Asabar.