Yadda na nemi gurbin karatun halayyar ɗalibai a Amurka

Masanin halayyar ɗalibai a makarantun Amurka ba shi ne malamin ba da shawara da muka sani a sakandarenmu ba. Shi wancan, mai zama a ofis ana turo masa yaron da ya yi rashin ji ko wanda ya rasa darussan da zai zaɓa, a can ma akwai shi, kuma karatunsa daban ne. Masanin halayyar ɗalibai shi ake kira idan yaro ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya daina magana da kowa. Shi zai gwada yaron, ya shiga aji ya zauna a baya yana kallonsa, ya tattauna da malamarsa da iyayensa, sannan ya rubuta rahoton da za a dogara da shi wajen yanke ko yaron ya cancanci ilimi na musamman. Dokar tarayya ce ta kafa wannan tsari tun 1975, wadda aka sake wa suna IDEA a 1990. Duk wanda zai nemi gurbin wannan karatu, da sanin wannan bambanci za a fara auna shi, tun daga takardar da ya aika har ranar ganawa.

Ni malamar firamare ce a Kano, digirina na farko a fannin ilimi na yi shi. Abin da ya ja ni zuwa wannan fanni shi ne yaran da ake jera wa a bencin baya a ce daƙiƙai ne, alhali wasunsu idan ka aike su kasuwa ba za su dawo da canji a gurgunce ba. Na aika takarduna a ƙarshen 2022, domin shiga a 2023. Da na gaya wa Umma, cewa ta yi, "To ke yanzu likitar masu taɓin hankali za ki zama?" Har yau haka wasu dangi suke ɗauka, na kuma daina gardama.

Hanya biyu ce. Akwai matakin ƙwararru, wanda galibi ake kira EdS: shekara uku, biyu a aji, ta uku ana sanin makamar aiki na awa 1,200, aƙalla rabinsu a cikin makarantar yara. Mafi yawan masu wannan aiki a Amurka da shi suke aiki. Akwai kuma digirin digirgir, shekara biyar zuwa shida, da bincike da kundi, da awa 1,500 ko fiye na sanin makamar aiki. Ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasa, NASP, wadda aka kafa a 1969, tana da jerin kwasa-kwasan da ta amince da su a shafinta, ita kuma APA, ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, tana tantance na digirin digirgir. Da waɗannan jerin na fara, ban kalli sunan jami'a ba tukuna, domin kwas ɗin da ba ya ciki zai wahalar da kai lokacin neman lasisi. NASP na son a samu masani ɗaya ga ɗalibai 500, amma a ƙasar baki ɗaya mutum ɗaya na riƙe da sama da 1,000. Aiki dai akwai shi.

Sai dai ga baƙo, ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuɗi ne. EdS yawanci kai za ka biya, 'yan ƙasa kuma bashin gwamnati suke ci, wanda mu ba mu da hakki a kansa. Digirin digirgir ne aka fi samun wanda zai yafe kuɗin makaranta, ya ba ka alawus a madadin aikin awa 20 a mako, ko dai taya farfesa bincike ko taya shi koyarwa. Saboda haka na fi karkata can, na haɗa da wasu EdS da suka rubuta ƙarara cewa suna da irin wannan guraben aiki.

Takardu kuwa haƙuri kawai suke so. Yawancin na digirin digirgir ranar 1 ga Disamba suke rufewa, na EdS kan kai Janairu ko Fabrairu. Kuɗin cike fom yawanci dala 50 zuwa 100 ne kowace jami'a, kuma wasu na yafewa idan ka rubuta ka roƙa da wuri. Wasu sun nemi a bi ta WES, wata cibiyar tantance takardun karatun ƙasashen waje, a fassara musu makin digirina zuwa nasu ma'aunin, wanda ke nufin jami'arka ce za ta aika sakamakon da kanta, don haka a fara bibiya tun damina. Jarrabawar GRE, ta neman shiga karatun gaba da digiri, da yawansu sun ajiye ta tun bayan korona. Ta Turanci kuwa, wasu sun yafe wa 'yan Najeriya, wasu ba su yafe ba, kowace da nata. Masu ba da shawara na EducationUSA, cibiyar gwamnatin Amurka ta masu neman karatu a can, a Abuja sun taimaka mini wajen tsara wannan.

Wasiƙun shaida guda uku ne, kuma a nan al'adarmu ke cutar da mu. Mun saba da layi biyar: na san ta, tana da ladabi da biyayya, a taimaka mata. Su can wannan daidai yake da ba a ce komai ba. Na je wurin malamin da ya duba kundina na digiri, na kai masa kundin da bayanin kwas ɗin, na ce, "Malam, so suke a faɗi abin da aka ga na yi da ido." Ya yi dariya ya ce, "'Yata, ai sai ki tuna mini, ɗalibai sun yi yawa." Muka zauna na tuna masa, ya rubuta da kansa, ya kuma tura ta adireshin imel na jami'a, domin shi suka fi yarda da shi.

A takardar bayanin kai ban rubuta cewa ina son yara ba. Duk mai neman gurbin yana son yara. Ban kuma ba da labarin talaucin ƙasa don a ji tausayina ba, ko da yake na san akwai masu ba da wannan shawara. Abin da na rubuta shi ne wani abu da na yi a ajina: nakan ba yaro gajeren rubutu, in saka agogo minti ɗaya, in ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, da Hausa sannan da Turanci, in sake bayan 'yan makonni. Dabarar ta yi kama da EGRA, gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa da aka yi amfani da shi da Hausa a Bauchi da Sakkwato, kuma asalin irin wannan awo na minti ɗaya daga aikin Stanley Deno ne a Jami'ar Minnesota, tun ƙarshen shekarun 1970. Abin da na gani shi ne yaran sun kasu. Akwai mai gudu a Hausa ya tsaya cak a Turanci, akwai kuma wanda a duka biyun haruffa ke rikice masa. Na farko harshe yake buƙata, na biyu kuwa wani taimako ne daban, amma rahoton ƙarshen zango sifili ɗaya yake ba su. Na ce ina son in koyi yadda ake raba su da hujja.

Gayyatar ganawa ta fara zuwa a Janairu. Duka ta Zoom na yi su. A wannan lokacin na shekara muna gaban gabashin Amurka da awa shida, tsakiyarta da awa bakwai, don haka ganawar da suka sa da safe ni da la'asar take same ni, ta kuma ja har bayan isha. Na tanadi janareta da layin waya biyu, na kuma gaya musu tun farko cewa zan ɗan fita in yi magariba. Ba wanda ya ɗaga gira.

Yini guda ake yi. Shugaban kwas zai yi bayani, a raba ku ɗaki-ɗaki da malamai, wani lokaci a haɗa masu nema wuri ɗaya a ba ku matsala ku tattauna, daga ƙarshe a bar ku da ɗaliban da ke ciki. A tattaunawar rukuni na lura da wasu suna rige-rigen magana. Ni a ganina ba yawan magana ake dubawa ba, domin rabin aikin nan zama ne da malama da iyaye da shugaban makaranta, kowa da ra'ayinsa, kai kuma ka saurara ka haɗa kansu. Na yi magana inda nake da abin faɗa, na kuma ja wata da ta yi shiru cikin zancen.

Tambayar da ba ta taɓa ɓacewa ita ce: me ya sa wannan fanni, ba ba da shawara ba, ba kuma aikin asibiti ba? Wanda ya san aikin, amsar ba ta yi masa wuya. Wadda ta fi nauyi ita ce da wata farfesa ta kawo mini misali: yaro ɗan shekara takwas, a gida Sifaniyanci ake yi, shekararsa biyu a ƙasar, yana hira da abokansa da Turanci lafiya lau amma karatu ya gagare shi, malamarsa na son a gwada ƙwaƙwalwarsa. Me zan yi?

Na ce ba zan fara da gwajin ba. Zan so in san ko ya yi makaranta kafin ya zo, ko yana karatu da harshensa, ko an duba idonsa da kunnensa, kwana nawa yake fashi, kuma wane taimako aka riga aka ba shi a aji, me ya haifar. Na kawo binciken Jim Cummins, wanda ya nuna cewa yaro kan kama harshen hira cikin kamar shekara biyu, amma harshen karatu na ɗaukar biyar zuwa bakwai. Na ce wannan ni ba a littafi kawai na gani ba, domin da Hausa na tashi, da Turanci aka yi mini jarrabawa. Gwajin kaifin basira irin su WISC, wanda ake yi wa 'yan shekara 6 zuwa 16, an auna shi ne da yaran da suka tashi cikin Turanci da al'adar can, don haka makin wannan yaro zai iya zama awon Turancinsa ne kawai. Ta tambaye ni ko na san shari'ar Larry P., na ce na sani: a 1979 wata kotun tarayya a Kalifoniya ta hana amfani da gwajin kaifin basira wajen tura yara baƙaƙen fata azuzuwan masu raunin ƙwaƙwalwa, saboda an cika azuzuwan da su fiye da kima. Daga nan ganawar ta koma hira. Ba amsa ɗaya take nema ba, so take ta ji yadda nake bin matsala daki-daki, da kuma ko na san inda sanina ya tsaya.

Wani malamin kuma ya tambaye ni abin da zan yi idan yarinya ta ce za ta gaya mini wani abu amma kada in gaya wa kowa, sai ya zamana dukanta ake yi a gida. A Amurka doka ta wajabta wa ma'aikatan makaranta kai rahoto idan suna zargin ana cutar da yaro, ba zaɓi ba ne. Na ce tun kafin ta fara zan sanar da ita cewa akwai abin da ba zan iya riƙewa ba. Na fahimci cewa yana son ya ji matsayina ne, ganin inda na fito bulala ba baƙuwa ba ce a gida da makaranta. Na faɗa masa gaskiya: na tashi cikinta, na ga abin da take yi wa yaron da tun farko bai gane darasin ba, kuma ban taɓa ganin ta koya wa kowa haɗa baƙi ba.

A digirin digirgir akwai wani abu ƙari. Kamar neman aure ne, gida ɗaya kake nufa ba unguwa ba: farfesa guda ne zai ɗauke ka, da kuɗin bincikensa. Kafin kowace ganawa na karanta sababbin maƙalun wanda nake son in yi aiki da shi, na shirya tambaya a kan abin da ya rage bai warware ba.

Zaman da ake yi da ɗalibai ana cewa ba ya cikin awo. Kada a yarda, amma a yi amfani da shi. A nan na tambayi abin da ba ya cikin shafin jami'a. Alawus ɗin yana kai wata? Na shekara nawa aka tabbatar da shi, har da hutun bazara? Makarantun da ake tura mutum horo suna da nisa? Wannan ta ƙarshe ta fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin tun shekarar farko ko ta biyu ake fara shiga makarantun yara, kuma a garuruwa da yawa ba mota ba zuwa. Na kuma tambayi ko sun taɓa samun ɗalibi baƙo, saboda horon da ake yi a wajen jami'a sai da izinin da ake kira CPT a kan bizar ɗalibi, kuma ofishin da ya saba da shi ya fi sauƙin sha'ani. Bayan kowace ganawa na aika gajeren saƙon godiya, na ambaci abu ɗaya da muka tattauna.

Amsoshi sun zo tsakanin Fabrairu da Maris. Wasu sun ce a'a, wata ta sa ni a jerin jira, wata EdS ta ɗauke ni ba tare da ko sisi ba, wanda a wurina daidai yake da a'a. Jami'o'in Amurka da yawa suna da yarjejeniyar cewa ba za a matsa wa wanda aka ba tallafi ya amsa kafin 15 ga Afrilu ba, don haka ban yi gaggawa ba. Na ɗauki tayin digirin digirgir a wata jami'ar gwamnati da ba ta cikin waɗanda ake jin sunansu a gida, domin ita ce ta rubuta tallafin shekara huɗu a takarda, kuma farfesar da ta yi mini tambayar yaron nan ce za ta duba aikina. Da wannan wasiƙar ofishin ɗalibai baƙi ya fitar mini da takardar I-20 wadda ake neman bizar ɗalibi da ita, na biya dala 350 na SEVIS, wato kuɗin rajistar ɗalibai baƙi, na nemi ranar ganawar biza a Abuja.