Turaren da Turawa suka yi don wata uku, ni nake neman kwantansa a Abuja

Manyan kamfanonin turare na Turai suna da wata al'ada da ta daɗe. Idan lokacin zafinsu ya kusa, wato wajen watan Yuni zuwa Agusta, sai su ɗauko wani sanannen turarensu na maza, su rage masa nauyi, su ƙara masa lemo ko na'a-na'a, su sauya wa kwalbar launi, su fito da shi kasuwa. Da sanyi ya kawo kai sai a janye shi. Baɗi a fito da wani daban, na bara kuma shi ke nan. Wasu ba su da lakabin shekara, sun ɗan jima a kasuwa kafin a daina yin su, amma manufar ɗaya ce. Irin waɗannan nake tarawa, kuma su nake fesawa kusan kullum.

Dalilina shi ne zafin Abuja. Mu Hausawa turare mai kama jiki muke so, wanda mutum zai wuce ya bar ƙamshi a zaure: oud, almiski, humra, ga turaren wuta da aka turara kaya da shi. Ni ma a haka na tashi. Amma wanda ya taɓa shiga motar haya daga Kubwa zuwa cikin gari a watan Maris, mutum huɗu a baya, ko ya zauna a ofis rufe aka ɗauke wuta da tsakar rana, ya san yadda turare mai nauyi yake komawa azaba. Zafi yana sa turare ya tashi da sauri, feshin da zai yi daidai da sanyin safiya sai ya cika ɗaki da azahar. Turawa sun yi waɗannan marasa nauyin don wata uku, mu kuwa zafinmu ya fi rabin shekara.

Wanda ya ja ni cikin harkar shi ne Kouros Fraîcheur. Asalin Kouros na Yves Saint Laurent ya fito a 1981, Pierre Bourdon ne ya haɗa shi, kuma duk wanda ya yi zama da manyan ma'aikata na wancan zamani ya san shi ko bai san sunansa ba: farar kwalba, ƙamshin zuma da kanumfari da wani abu mai kama da jibda a ƙarƙashi. Turare ne na masu babbar riga, ba ya neman izini kafin ya shiga wuri. A 1993 aka fito da Fraîcheur, kuma wanda ya yi aikin ya san abin da yake yi. Bai cire wa turaren halinsa ba. Zumar tana nan, jibdar ma tana nan amma an ja mata linzami, a sama kuma akwai lemo da wani abu da hancina yake ji kamar abarba. Ranar Juma'a ina iya fesa shi in shiga sahu a Masallacin Ƙasa, na kusa da ni ya ji ƙamshi ba tare da ya kau da kai ba.

Na biyu a wurina M7 Fresh ne, na 2004. M7 na asali ya fito a 2002 lokacin da Tom Ford yake jagorantar gidan Yves Saint Laurent, kuma ana lissafa shi cikin turarukan farko na manyan kamfanonin Turai da aka gina a kan oud. Abin dariya, a lokacin Turawa bai shige su sosai ba, alhali mu nan alhazanmu sun daɗe suna dawowa da oud daga Makka. Fresh ɗin ya ɗora citta da lemo mai ɗaci a kan itacen, sai ya zama oud ɗin da za ka iya yawo da shi a rana. Sai Aqua Fahrenheit na Dior, na 2011, wanda ya tausasa ƙamshin nan mai kama da fetur da aka san Fahrenheit na 1988 da shi.

Akwai waɗanda ban damu da su sosai ba. Le Male na Jean Paul Gaultier, mai zuwa cikin gwangwani, ya yi ta fito da na zafi shekara bayan shekara, amma a hancina bambancinsu ya fi yawa a fentin kwalba. Ga shi kwalbar siffar ƙirjin mutum ce, uwargida ta ce, "Baban yara, wannan dai ba a falona ba." CK One Summer na Calvin Klein da aka fara a 2004 ma haka, wata shekarar ya yi daɗi, wata kuma kamar lemon kwalba.

Samunsu shi ne aikin. Ba a manyan shagunan Jabi ko Wuse 2 ake samu ba, can sabon kaya ne. Sai wurin tsofaffin 'yan turare, waɗanda suka saro kaya daga Dubai tun da daɗewa wasu suka yi musu kwantai. Ba na tambaya da suna, don yawancinsu ba su riƙe ba. Cewa nake, "Alhaji, ba wani tsohon kaya da ya ƙi tafiya?" Wani dattijo a Kasuwar Wuse ya dube ni ya ce, "Malam, kowa sabo yake nema, kai kuma wanda ya gagare ni sayarwa?" Sannan ya sa yaronsa ya jawo kwali daga ƙarƙashin kanta. Da zarar mai shago ya gane kana matuƙar so, kwantai ya zama gwal, don haka a rage zumuɗi. Ta intanet ma ana samu, musamman eBay, sai dai turare mai sinadarin barasa yana cikin kaya masu kama wuta da ake taƙaita aikawa ta jirgi, dole ka jira ɗan'uwa mai dawowa daga Ingila ya sako maka a akwati.

Babbar matsalar ita ce, abin da ya sa turarukan nan suka yi daɗi shi ne abin da yake fara lalacewa. Man ɓawon lemo ba ya jure zafi da haske da iska. Oud da almiski suna iya shekaru suna ƙara kyau, lemo kuwa juyawa yake. Kwalbar da ta shekara goma a gilashin shago tana kallon ranar Abuja, ko a rufe take, da wuya ta tsira. Shi ya sa ba na biya sai na fesa. Feshi na farko da na biyu a iska nake yi, domin abin da ya kwana a cikin bututu shi ya fi shan iska. Na uku a bayan hannu, sannan in tafi in zaga kasuwa. Idan farkonsa ya ɗan yi tsami amma bayan minti goma ƙamshin ya daidaita, ana iya ciniki a rage kuɗi. Idan warin yana nan kamar na maganin goge farce, ko ruwan ya yi duhu fiye da kima, na bar shi ko da kyauta ne. Ina kuma duba lambar da ke gindin kwalba in ga ta yi daidai da ta kwali, in duba wuyan kwalbar ko an taɓa ɓalle shi. Masu jabu ba su cika wahalar da kansu a kan turaren da ba wanda ya sani ba, abin da aka fi yi shi ne a sami tsohuwar kwalba a ɗura mata wani abu.

Kwalaben da suka fi lafiya a cikin tarina daga Jos na samo su, a shagunan wajen Terminus. Garin yana kan tudu, sama da mita 1,200, kuma sanyinsa ya yi wa turaren ajiyar da mai shagon bai ma san ya yi ba. Duk lokacin da wata sabga ta kai ni, sai na leƙa.

A gida kowace kwalba tana cikin kwalinta, a ƙasan durowar ɗakin da rana ba ta bugunsa. Mota ba wurin ajiya ba ce, ko na yini ɗaya. Wasu suna cewa a sa a firji, amma da wutar da take zuwa tana tafiya, sanyi da ɗumi ne za su yi ta musanya, gara wuri ɗaya mai inuwa.

Wajen sawa, sai an haƙura da cewa ba sa daɗewa. Wanda ya saba da turaren mai da ke kwana a hula zai ce an cuce shi. Ina fesawa a singileti maimakon fata kaɗai, ina kuma tsiyaya kaɗan a 'yar kwalbar feshi in sabunta bayan alwalar azahar. Tsohon turaren da ya yi launi kada a fesa shi kai tsaye a farar shadda, yana barin tabo. Sannan na roƙi uwargida ta riƙa ware mini wasu kaya ba tare da ta turara su ba, don turaren wuta haɗiye waɗannan yake ɗungurungum. Da damina sun fi tashi, laimar iska tana riƙe su. Da hunturu fata ta bushe, ko awa biyu ba sa yi, sai in rufe su in koma wa Kouros na asali da oud har zuwa ƙarshen Fabrairu.

Abokai suna tambaya ko kamfanonin za su dawo da su. Ba na tsammani. Sashen turare na Yves Saint Laurent ya koma hannun L'Oréal a 2008, na Gaultier ya koma Puig a 2016, kuma Tarayyar Turai ta haramta wasu sinadaran da tsofaffin turaruka da yawa suka dogara da su, Lyral a 2021, Lilial a 2022. Ko an dawo da sunan, haɗin zai bambanta. Ga kuma faɗuwar naira tun 2023, wadda ta sa duk abin da ake saye da dala ya yi tashin gwauron zabo. M7 Fresh ɗina ya kusa rabi, kuma kuɗin da ake kira masa a intanet yanzu ba zan iya kai shi gaban uwargida ba. Wani mai shago a Jos ya ce yana jin akwai sauran kwali ɗaya a sitonsa, zai duba bayan Sallah.