Ɗaki da falo a Agege

Aikina riƙe wa wani dillalin shanu littafin lissafi a mayankar Oko-Oba da ke Agege, Legas: shanu nawa aka sauke daga tirela, wane mahauci ya ɗauka bashi, wa ya biya, wa yake wasan ɓuya. Abin da nake samu ba laifi, amma wata bai taɓa ƙarewa da ko sisi a aljihuna ba. A Ikorodu muke zaune lokacin, ni da maiɗakina da yara biyu, a gida mai ɗaki biyu da falo, ga janareto, ga firij, ga talabijin da ake biya wa kuɗi duk wata. Arhar haya ce ta kai mu can.

Da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin danfo ya bi ta. Na zauna na yi wa gidana irin lissafin da nake yi wa shanun Alhaji. Abin da na gani shi ne, ba abinci ke cinye ni ba, hanya ce. Daga Ikorodu sai Mile 12, sai Ketu, sai Ojota, sai Ikeja, kafin Agege. A mota nake ganin fitowar rana, kuma sau da yawa sai bayan isha'i nake shiga gida, yara sun yi barci. Rarar da nake taƙama da ita ta haya, kwandasta ne ke karɓe ta kullum da kaɗan-kaɗan.

Sai muka tattara muka koma Agege, ɗaki da falo a gidan haya na mutane da yawa, inda nake takawa da ƙafa zuwa wurin aiki. Shiga gidan kansa bai zo da sauƙi ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, amma ga la'adar dillalin gida, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Janareto da kujerun falo na sayar na cike kuɗin. Abin da zan faɗa wa duk mai wannan niyya ke nan: rage kaya ma sai da jari. Wanda ba shi da abin sayarwa, ko wanda zai ranta masa, a nesa zai ci gaba da zama yana ciyar da masu mota.

Rashin janareto bai dame mu ba kamar yadda na zata. Na sayi ƙaramin faifan sola da batir, yana ɗaukar fanka ɗaya, ƙwai biyu da cajin waya. Ba ya ɗaukar dutsen guga, ba ya ɗaukar firij. Firij ɗin ma mun rabu da shi, don wanda ke aiki a mayanka kuma kasuwa na bayan gidansa ba shi da dalilin daskarar da nama. Cefanen yini muke yi, a dafa a cinye. Da aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin Band A, wato waɗanda suka fi kowa samun wuta a yini, a Afrilun 2024, ya koma naira 225 kowane ma'auni, abokan aikina da abin ya shafa suka yi ta kuka, ni kuwa ko a jikina, tunda abin da muke kunnawa bai taka kara ya karya ba.

Inda aka ja daga shi ne murhu. Na kawo shawarar mu bar gas mu koma gawayi. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Baban Hafsat, sauƙin nan da kake ta faɗa, na wa ne? Kai za ka hura wutar da asuba? Kai za ka kankare tukunyar?" Gas ya zauna. Tun daga ranar, duk abin da za a cire daga gidan sai mun tambayi kanmu a kan wa aikin zai koma. Da yawan abin da mu maza muke kira rayuwa mai sauƙi, bayan mace ne ke biyan kuɗinsa. Ruwa ma haka: da famfon gidan ya ƙi, ba na cewa ta ɗauki bokiti ta bi layin burtsatse, mai kura nake kira ya sauke mana jarkoki, in biya.

Waya kuwa ta fi ƙarfina, kuma ban ga wanda ke neman abinci a Ikko da zai iya rabuwa da ita ba. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin naira, mahauta suka saba da tura kuɗi ta waya, ba su kuma dawo ba. Mai shanu yana Maiduguri ko Potiskum, hoton sa yake so a WhatsApp kafin a yi ciniki. Makarantar yara ma ta nan take aiko da sanarwa. Don haka babbar wayar na nan. Abin da na goge shi ne TikTok da manhajojin ba da rance, na kuma daina sayen data ta wata guda, sai daidai buƙata. Ba wani jarumtaka a ciki, idan data ta ƙare dole ka kwanta.

Abu mafi nauyi ba a Legas yake ba, a gida Arewa yake. Duk wanda aka ce yana Ikko, a idon dangi kuɗi yake shara. Anko, gudummawar biki, ragon suna, wayar ƙanin matar wane da ta faɗa ruwa. Kuma ba a zuwa Sallah hannu rabbana, sai da shadda mai maiƙo da tsaraba ta gida-gida. Na kira Yayana na faɗa masa gaskiyar abin da nake samu, adadi da adadi. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai mu duk mun ɗauka kana ɓoyewa ne." Muka yanka abin da zan riƙa tura wa Inna kowane wata, wannan ba fashi, sai kuma rashin lafiya ko rasuwa. Anko na daina. Akwai waɗanda suka yi fushi, wata gwaggona har yau gaisuwarmu a taƙaice take, kuma yana damuna. Amma ban ƙara cin bashi don in je biki a gan ni ba.

Abin da ban sa a lissafi ba, kuma shi ya fi riƙe mu, mutane ne. Agege tsohuwar unguwar Hausawa ce, har da sarkinsu, akwai iyalan da kakanninsu aka haifa a nan. A Ikorodu komai sai na mallaki nawa don ban san kowa ba. A nan maƙwabcinmu Bayarabe ne mai firiza, a ciki muke ajiye naman layya, mu kuma yaransa a wurinmu suke cajin fitila idan an ɗauke wuta. Turmi ɗaya ke yawo a gidan. Matan suna adashi, da shi aka biya kuɗin makarantar Hafsat. Tsadarsa ita ce ba ka da sirri: an san abin da ka dafa, an san ranar da kuka yi faɗa, banɗaki kuma layi ne da safe. Wanda ba zai iya jure wannan ba, to ya shirya sayen komai nasa shi kaɗai.

Yanzu ina cin abincin rana a gida, ina kuma raka yaro Islamiyya da la'asar. Idan wata hidima ta kai ni cikin gari, jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a 2024 yana tsayawa a Agege, ya sauke ni Oyingbo ba tare da cunkoso ba. Sai dai jirgin da ya kawo mana sauƙi ya sa unguwar ta ƙara daraja a idon masu gidaje. Mai gidanmu ya riga ya aiko cewa haya za ta tashi idan shekara ta zagayo. Maiɗakina na ganin mu nemi ɗaki wajen Agbado, ƙarshen layin jirgin, ni kuma ina lissafin kuɗin tikiti na zuwa da dawowa, da turmi da firizar da za mu bari. Ba mu yanke ba tukuna.