Biza a hannu, an hana ka shiga: abin da ke biyo baya a filin jirgi

Biza dama ce ta zuwa bakin iyaka ka nemi a bar ka ka shiga. Mai yanke hukunci na ƙarshe shi ne jami'in shige da fice da ke duba fasfo, kuma dokar Amurka da ta ƙasashen yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda ɗaya, duk a kan haka suke. Mutum na iya sauka da biza mai kyau, amma ya kwana a filin jirgi a maida shi inda ya fito.

A teburin farko tambayoyin ba su da yawa: me ya kawo ka, ina za ka sauka, kwana nawa za ka yi, wa zai ɗauki nauyinka. Idan jami'in bai gamsu ba, sai ya riƙe fasfon a raka ka wani ɗaki na daban. A nan ne ake zaman jira na sa'o'i, a buɗe kaya, a ɗauki hoton yatsu, wani lokaci a duba waya, a kira otal ko wanda ka ce shi ya gayyace ka. Abu uku suke haɗawa su gani ko sun zo ɗaya: abin da ka rubuta lokacin neman biza, abin da kake faɗa yanzu, da abin da ke cikin jakarka. Wanda ya ce yawon buɗe ido na mako biyu ya zo, sai aka samu takardun shaidar karatunsa na asali a ƙasan akwati, ga saƙo a WhatsApp ana ce masa ya fara aiki ranar Litinin, ya riga ya kayar da kansa. Haka wanda ya soke ɗakin otal da zarar biza ta fito. Kiran waya ɗaya ke tona wannan.

A yankin Shengen dokar iyakoki ta 2016 ta ce dole a ba wanda aka hana shiga takarda mai ɗauke da dalili, kuma dalilan an jera su da haruffa. Harafin C na nufin babu biza mai aiki. E na nufin babu takardun da ke tabbatar da dalilin zuwa da yanayin zama. F na wanda ya riga ya cinye kwana 90 cikin 180 ne, G na wanda kuɗin hannunsa ba za su ishe shi zama da komawa ba, H kuma na wanda sunansa ke cikin rumbun waɗanda aka haramta wa shiga. Fasfo ma yana kayar da mutane: dole ya kasance an bayar da shi cikin shekara 10 da suka wuce, kuma ya rage masa aƙalla wata 3 bayan ranar da za ka fita. Wasu ƙasashen da ba na yankin ba wata 6 suke nema. Ka karɓi kwafin takardar hana shigar ka adana ta, domin harafin da aka yi wa alama shi zai nuna maka abin da za ka gyara. Kana da damar ɗaukaka ƙara, sai dai ɗaukaka ƙarar ba ta dakatar da maida ka. Yawanci daga gida ake bin ta, ta hannun lauya.

A Amurka ne sa hannu a takarda ya fi nauyi, saboda hanyoyi biyu ne da ke kama da juna a idon wanda ya gaji, alhali sakamakonsu ya sha bamban. Ta farko, jami'i ya ba ka damar janye buƙatar shigarka da kanka, a cike fom mai lamba I-275. Galibi za a soke bizar, amma babu haramcin dawowa, kana iya sake nema. Ta biyu ita ce korar gaggawa da dokar 1996 ta kawo, wadda jami'i ke zartarwa ba tare da an kai ka gaban alƙali ba, kuma tana zuwa da haramcin shiga na shekara 5. Janyewar ba haƙƙinka ba ce, jami'in ne ke da zaɓi, amma babu laifi ka roƙa cikin ladabi. Mafi muni shi ne a rubuta cewa ka yi ƙarya da gangan a kan muhimmin abu don samun shiga, domin wannan haramci ne na har abada, sai fa in an yi maka afuwa ta musamman. A ganina wannan shi ne babban kuskuren da tsoro ke jefa matafiya a ciki: ƙaramar matsala da za ta ƙare da komawa gida, sai su rufe ta da ƙarya ta zama ta tsawon rai. Kafin ka sa hannu a bayanin da aka rubuta da sunanka, ka karanta layi-layi. In ba ka jin harshen sosai, ka nemi tafinta. In an rubuta abin da ba ka faɗa ba, ka ce a gyara.

Maida kai kuwa aikin kamfanin jirgin da ya kawo ka ne, bisa ƙa'idojin da suka samo asali daga yarjejeniyar Chikago ta 1944 kan sufurin jiragen sama. Shi ya sa ma'aikatan jirgi ke tsananta duba takardu tun kafin tashi, don ƙasashe da yawa na cin tararsu a kan kowane fasinjan da suka kawo ba da cikakkun takardu ba. Ana maida mutum inda jirgin ya ɗauko shi, ko wata ƙasar da za ta karɓe shi, wanda ba lallai ne ya zama gida kai tsaye ba idan ya yi canjin jirgi a hanya. Kamfanin kan yi amfani da tikitinka na dawowa, in babu kuma ya iya bin ka kuɗin. Sau da yawa fasfo ba ya dawowa hannunka sai an sauka: ana miƙa shi ga ma'aikatan jirgi a cikin ambulan. Ka tambayi inda akwatinka yake kafin a shigar da kai, ka riƙe ɗan tambarin kayan, kuma in akwai maganin da kake sha a ciki ka faɗa tun da wuri.

Idan jirgi na gaba sai bayan kwanaki, za a ajiye ka a ɗakin tsarewa na filin jirgin ko wata cibiya a kusa. A Faransa ana iya riƙe mutum kwana 4 a irin wannan wuri kafin a buƙaci alƙali ya amince da ƙari. Kana iya neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka. Za su iya duba halin da kake ciki su sanar da iyalinka, amma ba su da ikon tilasta wa wata ƙasa ta karɓe ka. Wanda komawa ke da haɗari ga rayuwarsa dole ya furta hakan da bakinsa a wurin, domin yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta hana maida mutum inda za a zalunce shi, kuma furucin ne ke buɗe hanyar neman mafaka.

Bayan an dawo, maganar tana nan a rubuce. Fom ɗin bizar Amurka da na Birtaniya da na Kanada duk suna tambaya ko an taɓa hana ka shiga, kuma waɗannan ƙasashe uku, tare da Ostareliya da Niyu Zilan, suna musayar bayanan shige da fice. Sabon fasfo ba ya goge komai, tunda hoton yatsunka ne ke ɗauke da tarihin. Ka amsa da e, ka rubuta rana da wuri da dalilin kamar yadda yake a takardar da aka ba ka, sannan ka haɗa shaidar cewa an gyara matsalar: bayanan banki, takardar wurin aiki, ko sahihiyar wasiƙar gayyata mai lambar wayar da za a kira a ɗauka.